Aikin da Gwaggo ta Bari Yana Tafiya

Matan Rigachikun ne suka fara isowa ranar sadakar uku, tun ba a gama shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ba. Mota guda suka ciko, kusan kowacce da yaro a hannu ko a goye, irin yaran nan masu ƙaramin jiki da rawayar ido, waɗanda duk wanda ya yi aiki a asibitin masu sikila yake gane su tun daga nesa. Ba danginmu ba ne, ba kuma wanda ya aika musu. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya a bakin get ta gaishe mu, ta ce, "Ita kaɗai ce a asibitin nan ba ta taɓa matsa mini in faɗi sunan ɗana ba." Daga nan ta ja mayafi ta shige wajen mata.

Maƙwabcinta na Unguwar Rimi, tsohon ma'aikacin gwamnati, cewa ya yi, "Hajiya akwai faɗa, wallahi akwai faɗa. Amma in ta ce maka abu ya yi, to ka tafi ka yi barcinka." Aka yi 'yar dariya, aka bi ta da addu'a. Baffa, yayan mahaifina kuma yayanta, yana zaune a kan darduma da carbi, duk wanda ya durƙusa amsa ɗaya yake ba shi: Allah ya ba da lada. Likitan asibitinmu ma ya zo. Ya zauna kusa da ni, muka gaisa ba mu haɗa ido ba, don ranar Asabar ɗin da ta rasu mun gaya wa juna maganganu a waya.

Kowa da Gwaggon da ya sani. Ni na san wadda ta koya mini aiki, kuma ina tsoron kada a wayi gari a ce mata tsohuwar mai kati kawai, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ƙanwar mahaifina ce. Ta shiga asibitin, can wajen Kawo, tun lokacin da ake jera katunan marasa lafiya a akwatunan katako. Da kwamfuta ta zo, sa'o'inta suka ja da baya, ita kuwa ta jawo kujera. Ta koyi yadda ake ajiye bayanai a babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, wadda duk sauran kwamfutocin asibiti suke aika wa tambaya, har ta kai ba mai taɓa ta sai da izininta. Da na gama karatu ita ta sa na nemi aiki a wajen. Na ɗauka zan ji daɗi. A satin farko ta kore ni daga ɗakin saboda na ajiye kofin shayi a kan teburin na'urar, alhali nata kofin, mai ƙamshin kanumfari, yana can a ɗaya gefen. Na nuna mata. Ta ce, "Nawa ya san gidan."

Ba ta ajiye waya kafin mutum ya ajiye. In layi ya yanke kuna magana, ba za ta kira ka ba, za ta zauna riƙe da wayar tana jiran ka. In ka kira sai ta ci gaba daga daidai kalmar da ta tsaya, ko da faɗa take yi maka. Kuma ba ta yarda da "ai ya shiga" ba. Duk wanda ya ce mata ai ya shiga, sai ta ce, "Ka gani da idonka, ko zuciyarka ce ta gaya maka?"

Abin da ya fi damun ta a shekarunta na ƙarshe shi ne yara masu kati biyu. Uwa za ta kawo ɗanta na fari, a tambaye ta sunansa, kunya ta hana ta faɗa, sai ta ba da sunan da ake kiransa a gida. Wata rana kaka ce za ta kawo shi, ta manta kati, ta faɗi sunan yanka, a buɗe sabo. Yaro ɗaya ya zama biyu. A kati ɗaya an rubuta cewa wani magani yana tayar masa da ƙurji har ya toshe masa numfashi, a ɗayan babu komai. Ma'aikatan tebur sukan daka wa iyayen tsawa. Gwaggo sai ta sunkuyo ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Sunan wa aka sa masa, kakansa na wajen uba?" Uwar ta gyaɗa kai, shi ke nan an gama. Ta san wace ce kakar wa, ta san wanda ya tashi daga Rigachikun ya koma Kawo, ta san tagwaye na gaske da tagwayen da takarda ta haifa. Duk wannan a kanta yake. Ko da ta yi ritaya, asibiti bai sake ta ba, ita ma ba ta sake shi ba, ta ce sai ta haɗe katunan nan kafin ta huta.

Faɗanmu mafi girma a kan babbar kwamfutar ne. Halinta shi ne, in ka ba ta dogon aiki daga taka kwamfutar, sai ta duƙufa, ba ta waiwayen ka. Ko wuta ta ɗauke a wajenka, ko layinka ya yanke, ita ba ta sani ba. Sai ta gama, ta juyo za ta ba ka amsa, sannan take gane babu kowa. Kafin nan kuwa duk katunan da aikin ya taɓa suna riƙe a hannunta, ana iya karanta su amma ba mai iya rubuta komai a kai. Akwai saitin da ake kunnawa, ta riƙa ɗagowa lokaci-lokaci tana leƙa ko mai aikin yana nan, in ba ya nan ta saki. Na ce mu kunna.

"A Kaduna?" in ji Gwaggo. "Inda layi yake shiru don iska ta kaɗa? Mutum ya yi shiru ba tafiya ya yi ba."

"Gwaggo, wani lokacin tafiyar ya yi."

"To sai a jira shi ya dawo. Kai dai gaggawa ce za ta ƙarasa ka, haka ubanka yake."

Na tashi na buga ƙofa. Kwana biyu ba mu yi magana ba, a rana ta uku na tarar da kwanon dambu a kan teburina, babu saƙo. Saitin dai ba a kunna ba.

Akwai wata ɗabi'arta da ta shafi abin da ya faru. Ba ta taɓa yin gyara kai tsaye. Kafin ta fara sai ta gaya wa babbar kwamfutar ta riƙe duk abin da za ta shigar a matsayin na wucin gadi, kada ya zauna sai ta duba ta ce ta tabbatar. In tabbatarwar ba ta zo ba, na'urar za ta warware komai, ta mayar da shi yadda ta same shi. Kuma ba kowa ke iya ba da tabbatarwar ba. Sai ta layin da aka buɗe aikin, daga kwamfutar da aka fara shi. Ko ni da nake da mabuɗin komai a ofis ba zan iya yi mata daga wani wuri ba.

Ranar Asabar ta zaɓa, don ran nan sashen gaggawa ne kaɗai ke buɗe. Ta sanar da ma'aikatan jinya su yi haƙuri da takarda da biro zuwa azahar. Bayan sallar asuba ta zauna a ɗakinta na gida da tsohuwar laftof ɗinta, wadda take haɗawa da babbar kwamfutar ta intanet, ta yi ta shigar da katunan ɗaya bayan ɗaya daga kanta, wannan da wancan mutum ɗaya ne, wannan da wancan ma haka. Da hantsi ta saki babban aikin, wanda zai bi tarihin shekara da shekaru ya kwashe kowace ziyara da kowane magani ya mayar kan kati guda. Ta turo mini saƙo cewa ta saki, kada in taɓa komai. Ba a jima ba 'yarta, wadda nake kira Yaya, ta shiga kai mata koko, ta same ta a kujera kanta ya langaɓe gefe.

Ina ofis Yaya ta kira. Ban san yadda na tuƙo mota daga Kawo zuwa Unguwar Rimi ba. Na tarar an fito da Gwaggo zuwa ɗakin da za a yi mata wanka, gida ya cika da salati. Na tsuguna a tsakar gida na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar mahaifina. Sai da aka ɗaga ni aka kai ni waje, na zauna, sannan abin ya faɗo mini a rai. Aikin yana tafiya.

Na kira abokiyar aikina da na bari a ofis. Ta duba ta ce sunan Hajiya yana nan, an rubuta yana aiki. Ta tambaye ni, "Malam, layinta yana nan kuwa?" Na ce daga nan ba a iya ganewa, ko yana nan ko ba ya nan haka za ta nuna. Amma na yi lissafi. Gidan akwai sola, laftof ɗin kullum a jone take don batirinta ya daɗe da mutuwa. In ba a taɓa ta ba, layin yana raye. Aikin zai gama, ya tsaya yana jiran kalma ɗaya, ni kuma in shiga in duba in ba da ita. Abin da Gwaggo ta zazzage daga kanta da safen nan zai zauna. In kuwa aka yanke, ya tafi, kuma kan da ya fito daga ciki ana shirin yi masa wanka.

Na je ƙofar ɗakinta na tarar da kwaɗo.

Baffa ne ya kulle, mabuɗin yana aljihunsa. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Ranar da mahaifina ya rasu, kafin a dawo daga maƙabarta an ɗauke abubuwa daga ɗakinsa, zargin da ya biyo baya ya raba zumuncin da har yau bai gama haɗuwa ba. Tun ran nan Baffa ya yi rantsuwa, duk wanda ya rasu a gidanmu za a rufe ɗakinsa har sai magada sun zauna.

Na durƙusa a gefensa na rage murya. "Baffa, don Allah ina son in shiga ɗakin Gwaggo. Akwai aikin asibiti a kwamfutarta."

Ya juyo ya dube ni da jajayen idanu. "Me ka ce?"

"Ba ɗauka zan yi ba, Baffa. A gabanka zan duba. Aiki ne ta bari bai ƙarasa ba."

"Kowa da ka gani a maƙabarta aiki ya bari bai ƙarasa ba. Ƙanwata tana kwance ko likkafani ba a sa mata ba, kai kwamfuta ce a gabanka?"

Mutanen da ke kusa suka juyo. Wani dattijo ya ce, "Yaran yanzu ke nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so in yi bayani, amma ta ina zan fara a gaban gawa? Na ce Allah ya huci zuciyarka, na ja jiki.

Da azahar ta wuce likita ya kira. An kawo yara biyu ciwo ya tashi, sashen magani ba ya iya fitar da komai ta kwamfuta, ma'aikatan jinya sun yi ta danna aika, kowace dannawa ta je ta hau layi a bayan aikin Gwaggo, har na'urar ta fara nauyi ko karatun kati sai an jira.

"An ce mana zuwa azahar," in ji shi. "Na yi maka ta'aziyya, amma ka yanke shi."

"Likita, in na yanke, abin da ta shigar ya tafi ke nan. Ba mai sake sanin su."

"Ni yaran da ke gabana nake gani."

"Ni ma su nake gani. Wanda ke gabanka ka tabbata kati ɗaya gare shi?"

Ya ce, "Kada ka koya mini aikina." Na ce shi ma kada ya koya mini nawa. Ba haka aka tarbiyyantar da ni ba, amma haka na faɗa. A ƙarshe ya ce zai lallaɓa da takarda zuwa la'asar, in ta wuce zai sa a kashe babbar kwamfutar daga bango, kowa ya huta.

Aka yi mata salla a ƙofar gida. Na sa kafaɗa a makara, waya tana ta rawa a aljihuna tana dukan cinyata. Ba nauyi gare ta ba, Gwaggo. Mace mai cika ɗaki da murya, ashe ba ta da nauyi. A bakin kabari ina miƙa itace ana jerawa, zuciyata rabi tana addu'a, rabi tana ɗakin da aka kulle, ina jin haushin kaina a kan haka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na tuna in rana ta ɓuya solar gidan ba ta kaiwa dare.

Da muka dawo ban sake tunkarar Baffa ba. Yaya na nema. Na same ta a bakin kicin, fuska a kumbure, na gaya mata komai a gurguje. Ba ta fahimci rabin maganar ba, amma ta ji sunan yaran asibiti. Ta yafa mayafi ta fita har wajen maza, abin da ba a saba gani ba, ta durƙusa a gaban Baffa.

"Baffa, ni ce 'yarta, kuma na yarda. In Umma tana iya magana, da ta ce a buɗe masa. Ka san halinta a kan aikin nan."

Baffa ya daɗe yana jan carbi. Can ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Taso. A gabana, kuma ko tsinke ba zai fita ba."

Ana kiran la'asar ya buɗe kwaɗon. Ɗakin yana ƙamshin kanumfari. Ga kofin kokon da Yaya ta kawo, ya yi sanyi ya kama fata. Ga tabarau ɗinta a kan tebur. Ga laftof ɗin a buɗe yadda ta bar ta, fuskarta baƙi ƙirin. Na ce a raina barci ta yi. Na taɓa maɓalli, shiru. Na sake taɓawa. Na sa tafin hannu a jikinta, sanyi ƙalau.

"Au, tsaya," in ji Baffa daga bakin ƙofa. "Ai sai ka kunna soket. Da safe kafin in rufe na bi na kashe komai, da fanka da wannan ɗin da akwatin intanet ɗin nan mai ƙyaftawa. Ɗaki a kulle ba a barin wuta a ciki."

Ya faɗa ne da 'yar natsuwar mutumin da ya yi abu ɗaya daidai a ranar da komai ya rushe masa. Na tsaya ina kallon bango. Tun da safe ke nan. Tun kafin in durƙusa masa, tun kafin in yi wa likita rashin kunya, tun kafin a ɗauki makara. Laftof ɗin ta mutu nan take, ko sallama ba ta samu ta yi wa babbar kwamfutar ba, kuma abin da ke cikinta na wannan zaman ya tafi tare da wutar.

Na kunna soket ɗin. Na jira ta farka, na shiga da sunana. Manhajar da Gwaggo take shigar da katunan ta buɗe fara fes. Na leƙa babbar kwamfutar. Sunan Gwaggo yana sama, an rubuta yana aiki, ga dogon layin ma'aikatan jinya a ƙarƙashinsa suna jira. Na'urar tana can a ɗakin baya na asibiti tana ta kwasar tarihin yara tana haɗawa, da iya ƙarfinta, saboda matar da muka baro a ƙarƙashin ƙasa. In na ƙyale ta za ta gama, ta juyo da amsa, ta ga babu kowa, ta warware duka. Jira ba zai ƙara komai ba sai wahalar yaran da ke kwance.

Na kira abokiyar aikina na ce ta yanke. Ta ce, "Malam, ka yafe ni. Sunanta ne a kai, hannuna ba zai iya ba." Na ce ba komai. Na zauna a kujerar Gwaggo, na rubuta umarnin, na karanta shi sau biyu kamar yadda ta koya mini, na danna. Sunanta ya ɓace daga saman allon. Layin da ke ƙasa ya fara raguwa, ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙare. Wayata ta yi ƙara, saƙon likita ne, ya ce kwamfuta ta saki, an gode.

Har yau yaran nan katunansu biyu-biyu ne. Ina zama a teburin karɓar marasa lafiya duk ranar asibiti, ina sunkuyawa ina tambayar iyaye sunan wa aka sa wa yaro. Wasu suna gyaɗa mini kai, wasu suna kallon ƙasa, don ni namiji ne kuma ba su san ni ba. Na samo kaɗan. Sauran ban san ta inda zan bi ba.

Ran nan dai a ɗakin, Baffa ya matso ya leƙa allon da bai san karatunsa ba. Ya dafa kafaɗata.

"An samu abin da ake nema, ɗana? Ban ɓata mata komai ba ko, da na hana ka da rana?"

Na dubi fuskarsa. Su bakwai ne a ɗakinsu, yanzu shi kaɗai ya rage.

"Hanin da ka yi mini bai ɓata komai ba, Baffa," na ce. Gaskiya na faɗa, iyakar wadda zan iya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "To rufe mu je, an tayar da salla."

Na rufe laftof ɗin. Ya sunkuya da ƙyar, yana dafe da gwiwa, ya kashe soket ɗin, na riƙe masa ƙofa har ya fito ya mayar da kwaɗo.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya karɓi abin da ta gama da abin da ta yi niyya. Allah ya ba Baffa haƙuri, ya sa kada wannan rubutu ya kai gare shi. Amin.